Aiki Ɗaya, Lada Biyu: Halin Ma'aikata 'Yan Asalin Latin Amurka a Ƙasar Amurka

A shekarar 1980, duk dala ɗaya da namiji farar fata ya samu a aikin sa'a a ƙasar Amurka, takwaransa wanda asalinsa daga ƙasashen Latin Amurka yake santi 71 yake samu a madadinta. Da aka sake ɗora ma'aunin a shekarar 2015, watau bayan shekara talatin da biyar, bayan shugabanni shida sun zauna a fadar White House, bayan arzikin ƙasar ya ninka fiye da sau biyu, bayan 'ya'yan waɗancan ma'aikata sun girma su ma sun shiga sahu, sai cibiyar bincike ta Pew ta tarar cewa santi 71 ɗin nan ya koma santi 69. Matansu kuwa daga santi 53 suka tashi suka tsaya a 58, alhali a tsawon wannan lokaci matan fararen fata sun taso daga santi 60 har sun kai 82. Duk wanda ya dubi waɗannan alƙaluma da idon basira, lalle ya nemi sanin sababin da ya hana wannan tazara motsi a ƙasar da kome nata yake canjawa cikin gaggawa.

Mutanen da ake magana a kansu su ne waɗanda hukuma take kira Hisfanik, waɗansu kuma su ce Latino, ko da yake su kansu da yawansu sun fi so a ambace su da sunan ƙasar kakanninsu. A nan za mu ce musu Latinawa. Kusan kashi 60 cikin ɗari jinin Meziko ne, sauran kuma daga Puerto Rico da Salbado da Kyuba da Jamhuriyar Dominika da Gwatamala da sauran ƙasashen kudu. Ƙidayar 1980 ta same su miliyan 14.6, ta 2020 kuwa miliyan 62.1, watau kusan mutum ɗaya cikin kowane biyar na ƙasar. Kada mai karatu ya ɗauka dukkansu baƙi ne, domin kashi biyu cikin uku a Amurka aka yanke musu cibiya, kuma takwas cikin goma cikakkun 'yan ƙasa ne. Haka kuma babu mai tuhumarsu da kasala, tun da yake cikin mazansu uku daga kowane huɗu suna aiki ko suna nemansa, abin da babu wata al'umma a ƙasar da ta wuce su a kai. Su ne a kan ginin da ake yi, su ne a gonakin inabi da tumatir, su ne a mayankar shanu da kaji, su ne a bayan kicin ɗin gidajen abinci, su ne kuma masu shara da goge-goge a otal-otal bayan baƙi sun tashi.

Hukumar ƙididdiga ta ma'aikatar ƙwadago tana da nata lissafin, wanda take yi a kan abin da ma'aikacin tsakiyar sahu yake ɗauka a mako in yana cikakken aiki. A 1979 Balatine yana ɗaukar dala 194, farar fata 248. A 2000 dala 399 ne a gaban 590. A 2023 kuwa 874 a gaban 1,138. In aka mayar da shi kashi cikin ɗari, daga 78 aka gangara zuwa ƙasa da 68, sa'an nan aka sake hawa zuwa kusan 77, watau an yi tafiyar shekara arba'in da huɗu an komo daf da inda aka tashi. Wannan lissafi ma ya yi sassauci, domin hukumar tana saka Latinawa masu farin jiki a cikin rukunin fararen fata, abin da ke jawo adadin rukunin ƙasa ya rage girman tazarar a ido.

Akwai amsa da masana tattalin arziki suka daɗe suna bayarwa, kuma adalci ne a kawo ta da ƙarfinta kafin a yi mata raddi. Suna cewa Latinawa jama'a ce mai ƙuruciya, kuma yaro ba ya ɗaukar albashin dattijo. Suna cewa daga 1980 zuwa wajen 2007 miliyoyin mutane sun ƙetaro daga ƙauyukan Meziko da Amurka ta Tsakiya, da yawansu ba su wuce firamare ba kuma ba su jin Ingilishi, saboda haka kowace sabuwar tawaga takan ja matsakaicin lissafi ƙasa ko da waɗanda suka riga su zuwa suna ci gaba. Suna kuma kafa hujja da cewa tun da ƙaura daga Meziko ta ragu sai alƙaluman suka fara gyaruwa. Wani masani, Stephen Trejo, ya buga bincike a 1997 inda ya nuna cewa maza 'yan asalin Meziko waɗanda su da iyayensu duk haifaffun Amurka ne suna samun kashi 21 ƙasa da fararen fata, amma fiye da kashi uku cikin huɗu na wannan giɓi ana iya jingina shi ga ƙuruciya da raunin Ingilishi da ƙarancin shekarun makaranta, musamman na ƙarshen nan. Har yau ma, cikin manya masu shekara 25 zuwa sama, kimanin kashi 21 na Latinawa ne suke da digiri, fararen fata kuwa kimanin 42.

Ban musanta ko ɗaya daga cikin wannan ba. Inda na saɓa da masu wannan ra'ayi shi ne hukuncin da suke ginawa a kansa, domin sukan raba giɓin gida biyu, su ce wannan an san dalilinsa, wancan ba a sani ba, sa'an nan su ɗauki na biyun kaɗai a matsayin zalunci, na farkon kuma su bar shi kamar wani abu ne da aka saukar daga sama ba da hannun kowa ba. Alhali kuwa sanin illar abu ba ya wanke wanda ya haddasa illar. In an ce mutum yana samun lada kaɗan don bai yi karatu mai zurfi ba kuma aikin gona yake yi, tambayar da ta wajaba a bi ta da ita ita ce: wa ya gina makarantar unguwarsu, da nawa aka gina ta, kuma wace doka ce ta yanke cewa aikin gona ba shi da kariyar da aikin masana'anta yake da ita? Waɗannan tambayoyi suna da amsoshi, da shekarunsu da sunayen dokokinsu, kuma a ganina su ne asalin mas'alar.

Tun farko dai, kakannin waɗansu Latinawa ba su je Amurka ba, Amurka ce ta zo ta same su. Da aka ƙare yaƙi aka ƙulla yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo a 1848, Meziko ta sallama Kalifoniya da Niyu Meziko da Nebada da Yuta da mafi yawan Arizona, bayan Teksas da ta riga ta shiga Amurka a 1845. An yi wa mazauna wuraren alkawarin zama 'yan ƙasa da tsare musu filayensu, amma kafin ƙarni ya ƙare filaye masu yawa sun suɓuce ta hanyar shari'o'i masu tsawo da haraji, masu gona sun koma 'yan ƙwadago. A mahaƙan tagulla na Arizona, irin su Clifton da Morenci, da kan layukan dogo na kudu maso yamma, aka kafa wata al'ada wadda ba a ɓoye ta: mutum biyu su shiga rami ɗaya su haƙi dutse ɗaya, ranar biya kuwa akwai ladan farar fata, akwai kuma wanda ake kira ladan ɗan Meziko, rubuce a littafin kamfani. Wannan ba shi da bambanci da ɗan kasuwar da ya ajiye mudu biyu, babba don saye, ƙarami don sayarwa, illa dai shi ɗan kasuwa yakan ɓoye nasa a ƙarƙashin buhu, su kuwa a fili suke yi. Al'adar ta daɗe har cikin shekarun 1940, a waɗansu wurare ma ta wuce nan.

A gundumar Grant ta Niyu Meziko, masu haƙar tutiya na kamfanin Empire Zinc, waɗanda kusan dukkansu 'yan asalin Meziko ne, sun ajiye aiki a watan Oktoba na 1950 saboda irin wannan bambanci na lada da na gidajen da kamfani ke ba ma'aikata, inda na Turawa ke da ruwan famfo a ciki, nasu kuwa babu. Da kotu ta hana mazan tsayawa a bakin hanyar mahaƙar a watan Yuni na 1951, sai matansu suka fito suka tsaya a madadinsu, aka kwashe da yawa zuwa gidan waƙafi, waɗansu da goyo. Yajin bai ƙare ba sai Janairun 1952, bayan wata goma sha biyar. Na kawo wannan ne don a san cewa jikokin waɗannan mata suna nan da ransu suna aiki, ba labarin zamanin da ya shuɗe ba ne.

Sai dai abin da ya fi wannan tasiri, ko da yake bai kai shi amo ba, shi ne abin da Majalisar Dokokin Tarayya ta yi a zamanin Shugaba Franklin Roosevelt. A 1935 ta kafa dokar da ta ba ma'aikata haƙƙin kafa ƙungiya da yin ciniki da masu kamfani, da kuma dokar fansho ta ƙasa. A 1938 ta kafa dokar mafi ƙarancin lada, santi 25 a sa'a, da biyan ƙari ga wanda ya wuce sa'o'in aiki. Da waɗannan dokoki ne leburan masana'antar mota da na ƙarfe suka zama masu gida da mota suka tura 'ya'yansu jami'a. Amma a cikinsu duka aka toge ma'aikatan gona, masu aikin gida ma aka bar su a waje, kuma masana tarihi da yawa suna ganin an yi haka ne don neman yardar 'yan majalisa na jihohin kudu, waɗanda ba su so a taɓa arahar ƙwadagon baƙar fata a gonakin auduga. Togiyar da aka yi don baƙar fata na kudu ita ce ta faɗa wa 'yan Meziko na yamma, ta kuma zauna a kansu har bayan da baƙaƙen fata suka bar gonaki suka koma birane. Sai a 1966 aka shigar da wani sashe na ma'aikatan gona cikin dokar mafi ƙarancin lada. Kuɗin ƙarin sa'o'i kuwa da haƙƙin kafa ƙungiya, har ranar da nake wannan rubutu dokar tarayya ba ta ba su ba.

A kan wannan tushe aka ɗora shirin 'yan cin rani da ake kira Bracero, wanda aka fara a 1942 da hujjar cewa samari sun tafi yaƙi gonaki ba masu girbi, amma yaƙi ya ƙare a 1945 shirin bai ƙare ba sai ƙarshen 1964, bayan an rubuta kwantiragi kimanin miliyan 4.6. A takarda an yi alkawarin lada daidai da na yankin, da wurin kwana, da abinci. A aikace kuwa, a bakin iyaka ana tuɓe mutum a fesa masa maganin ƙwari na DDT, a kai shi gonar mutum ɗaya wanda ba shi da ikon barinsa ya koma wani, a ba shi fartanya mai gajeriyar ƙota wadda ke tilasta masa yini a duƙe, wadda Kalifoniya ba ta haramta ba sai 1975. A shekarun farko an riƙa cire kashi 10 na ladansu da sunan ajiya, za a ba su in sun koma gida. Da yawa sun tsufa sun mutu ba su ga kuɗin ba, sai a 2008 aka yi sulhu a kotu gwamnatin Meziko ta yarda ta biya waɗanda suka iya kawo shaida kimanin dala 3,500 kowanne. Malamanmu na fiƙihu, a babin ijara, sun sharɗanta cewa aiki ya zama sananne, ujura ta zama sananniya, kuma a ƙulla da yardar ɓangarorin biyu. To, ina yarda ga mutumin da in ya buɗe baki ya yi ƙorafi gobe yana cikin motar da za ta mayar da shi iyaka? Illar kuma ba ta tsaya kan baƙon ba, domin ɗan ƙasa Balatine da ke gona ɗaya da shi ba shi da bakin neman ƙari muddin akwai wanda za a kawo a madadinsa da asuba. Wata tara bayan rufe shirin, a Satumban 1965, ma'aikatan inabi 'yan Filifin a garin Delano suka fara yaji ƙarƙashin Larry Itliong, Cesar Chavez da Dolores Huerta suka shigo da jama'arsu, aka shekara biyar kafin masu gonaki su sa hannu a 1970.

Maganar makaranta, wadda ita ce ginshiƙin hujjar masana, a nan ya kamata a tsaya a daɗe. Har zuwa shekarun 1940 garuruwa da yawa na Kalifoniya da Teksas suna da makarantu na daban don 'ya'yan 'yan Meziko, inda ake koya wa maza aikin hannu, mata kuma ɗinki da girki, kuma akan tashi da wuri lokacin girbi don yara su tafi gona. Shari'ar Mendez ta 1947 ta rushe wannan a Kalifoniya. Amma raba yara da doka hanya ɗaya ce, raba su da kuɗi kuma wata, domin a Amurka babban kaso na kuɗin makaranta daga harajin gidaje da filayen unguwa yake fitowa, ta yadda unguwar matalauta, ko ta ƙuntata wa kanta da haraji, ba za ta tara abin da unguwar masu hali za ta tara cikin sauƙi ba. Iyayen yara na yankin Edgewood a birnin San Antonio, inda kashi 90 na ɗalibai 'yan asalin Meziko ne, sun kai ƙara a kan haka, suka nuna cewa su ne suke biyan haraji mafi tsanani a birnin gwargwadon darajar gidajensu, amma abin da ake kashe wa ɗansu a shekara dala 356 ne, na unguwar Alamo Heights kuwa 594. A 1973 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙali biyar a kan huɗu, ta yanke cewa wannan bai saɓa wa tsarin mulki ba. Yaron da yake aji ɗaya a Edgewood a wancan lokaci, shi ne magidancin da aka auna ladansa a shekarun 1990 aka ce ƙarancin iliminsa ne sababi. Masana biyu, Edward Telles da Vilma Ortiz, sun bi sawun iyalan da aka yi wa tambayoyi a Los Anjalis da San Antonio a 1965, suka nemo su da 'ya'yansu bayan fiye da shekara talatin, suka buga sakamakon a 2008. Abin da suka tarar shi ne 'ya'yan baƙi sukan wuce iyayensu a karatu nesa ba kusa ba, amma daga nan sai ci gaban ya tsaya, jikoki da tattaɓa-kunne ba su ƙara gaba ba, saɓanin abin da ya faru ga zuriyar Italiyawa da Folandawa.

Ko an kau da kai daga wannan duka, an kwatanta mutum biyu masu ilimi ɗaya da shekaru ɗaya a yanki ɗaya, giɓin bai rufe ba. Marie Mora da Alberto Dávila sun yi wannan ƙiyasi a 2018, suka samu cewa a 2017 namiji Balatine yana kashi 14.9 ƙasa da farar fata irinsa, bayan yana 17.8 a 2000, mace kuwa tana kashi 33.1 ƙasa da namiji farar fata, bayan tana 35.1. Cikin masu digiri ma, a lissafin Pew na 2015, dala 26 ne a sa'a a gaban 32. A birnin Nuyok kuma, a 2004, Devah Pager da abokan aikinta sun horar da samari suka ba su takardun neman aiki iri ɗaya suka tura su wurare ɗaya: an kira fararen fata kashi 31, Latinawa 25, baƙaƙen fata 15, a wani zagayen kuma, farar fatar da ya ce bai daɗe da fitowa daga kurkuku ba ya samu kira gwargwadon Balatinen da bai taɓa aikata laifi ba, har ya ɗan fi shi.

Sa'an nan ga maganar takardun zama. Dokar shige da fice ta 1965 ita ce ta fara sa wa ƙasashen nahiyar Amurka iyakar adadi, daidai lokacin da aka rufe ƙofar cin rani, alhali gonaki da wuraren gini ba su daina bukatar hannu ba; saboda haka mutanen da jiya suke zuwa da izini suka ci gaba da zuwa ba izini, har yau adadin marasa takarda ya haura miliyan 11, kuma kimanin kashi 40 na masu aikin amfanin gona daga cikinsu suke. Ƙasar ta taɓa gwada magani. A 1986 Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu a dokar da ta halatta zaman mutum kimanin miliyan 2.7, kuma da Sherrie Kossoudji da Deborah Cobb-Clark suka bibiyi waɗannan mutane sai suka ƙiyasta cewa rashin takarda yana rage wa namiji kashi 14 zuwa 24 na ladansa, kuma da samun takardar ladan ya ɗaga, karatunsu ya fara yi musu amfani a kasuwar aiki. Mutumin bai canja ba, hannunsa bai canja ba, matsayinsa a gaban doka kaɗai ya canja. A 2002 kuwa Kotun Ƙoli ta bi ta ɗaya hanyar a shari'ar Hoffman Plastic, inda ta hukunta cewa ma'aikaci marar takarda da aka kora ba bisa ƙa'ida ba don yana haɗa ƙungiya ba za a biya shi albashin da ya rasa ba. Wane darasi ake so mai kamfani ya ɗauka daga wannan hukunci? Wani bincike da aka yi a 2008 a kan ƙananan ma'aikata fiye da 4,000 a Shikago da Los Anjalis da Nuyok ya samu cewa kashi 26 an biya su ƙasa da abin da doka ta yanke a makon da ya gabata, kuma Latinawan da aka haifa a waje su ne abin ya fi shafa. Mutanen Kyuba, waɗanda dokar 1966 ta buɗe musu hanyar samun izinin zama na dindindin cikin sauƙi, sun fi sauran kusantar fararen fata a samu, ko da yake gaskiya ne cewa na farkonsu sun zo da ilimi da jari. Mutanen Puerto Rico kuwa 'yan ƙasa ne tun 1917, amma sun sauka Nuyok ne daidai lokacin da masana'antun ɗinki suka fara barin birnin, wanda ke nuna cewa takarda sharaɗi ce, ba ta isa ita kaɗai ba.

Wannan ya kawo mu ga sashen da ya shafi kowane ƙaramin ma'aikaci a ƙasar, amma ya fi nauyi a kan wanda ya fi yawa a ƙasan sahu. Lokacin da Latinawa suka shigo kasuwar aiki da yawa, hanyoyin da baƙin Turai suka bi suka hau sun riga sun fara toshewa. A 1983 ma'aikaci ɗaya cikin biyar ɗan ƙungiya ne, a 2023 ɗaya cikin goma. Aikin mayanka, wanda a shekarun 1960 da 1970 ladansa ya fi na matsakaicin masana'anta, kamfanoni sun kwashe shi daga birane zuwa ƙananan garuruwan Nebaraska da Kansas da Ayowa, suka karya ƙungiyoyi, suka ƙara wa injin gudu, sa'an nan suka aika neman ma'aikata a iyakar kudu. Ladan ya faɗi kafin Latinawa su cika wurin, amma a lissafi sai a ga kamar su ne suka zaɓi aiki mai araha. Mafi ƙarancin lada na tarayya yana nan dala 7.25 tun watan Yuli na 2009, alhali dala 1.60 ɗin da ake biya a 1968 ya haura dala 14 a kuɗin yau. Kalifoniya ta ɗaga nata zuwa dala 16 a 2024, Teksas kuwa, inda Latinawa suka kai kashi 40 har suka ɗan zarce fararen fata a yawa, tana nan a kan 7.25.

Abin da ya fi damuna shi ne cewa aikin da ladansa ya fi ƙanƙanta shi ne kuma ya fi cin rai. A 2022 Latinawa 1,248 suka mutu a bakin aiki, watau 4.6 cikin kowane ma'aikaci dubu ɗari, alhali na ƙasa baki ɗaya 3.7 ne. Da jirgin ruwa ya bugi gadar Baltimore ta rushe cikin daren 26 ga Maris 2024, mutum shida da suka rasu duk leburori ne masu cike ramukan titi, daga Meziko da Gwatamala da Honduras da Salbado. Ƙaramin bambanci na kowane mako kuma, in ya taru shekara da shekaru ya ratsa daga uba zuwa ɗa, yakan zama babba a gado: a binciken babban bankin ƙasar na 2022, dukiyar gidan farar fata na tsakiyar sahu dala 285,000 ce, ta gidan Balatine 61,600.

Wani zai ce, ai duk da haka sun fi yadda za su kasance a gida, shi ya sa suke ta zuwa, kuma a 2023 kaɗai kuɗin da aka aika Meziko daga waje ya haura dala biliyan 63. Haka ne, kuma babu mai raina abin da ya ciyar da iyaye ya rufa gidaje. Amma ladan aiki da ƙimar aikin ake auna shi a wurin da aka yi shi, ba da tsananin yunwar da ta koro ma'aikacin ba. In da bukatar mutum hujja ce ta rage masa haƙƙi, da babu zaluncin da ba za a samar masa uzuri ba. Balle ma wannan magana ba ta shafi mutum miliyan arba'in da aka haifa a ƙasar ba, waɗanda ba su da wani gida da za a kwatanta musu da shi. Su kuma nasu ɓangaren sun yi shi: yawan matasansu masu barin sakandare ba su gama ba ya sauko daga kashi 34 a 1996 zuwa kashi 10 a 2016, kuma samun irin wannan sauyi cikin shekara ashirin ba ƙaramin abu ba ne ga kowace al'umma.

Saura na hukuma ne, kuma ba abu ne da sai an yi dogon bincike kafin a gano shi ba. A share togiyar 1935 da ta 1938 daga dokar tarayya, kamar yadda Kalifoniya ta yi a cikin iyakarta da dokar ƙungiyoyin gona ta 1975 da ta kuɗin ƙarin sa'o'i ta 2016, gonakinta kuma ba su daina ciyar da ƙasar ba. A ɗaga mafi ƙarancin lada a ɗaure shi da tsadar rayuwa. A raba kuɗin makaranta da darajar gidajen unguwa. A ba mutumin da ya shekara goma ko ashirin yana gini da girbi takardar da za ta ba shi ikon kai ƙara in an ci haƙƙinsa. Na ƙarshen nan an kai ga bakinsa fiye da sau ɗaya: a 2013 Majalisar Dattawa ta amince da shi da ƙuri'a 68 a kan 32, Majalisar Wakilai ta ƙi ko kawo shi zaure, a 2019 da 2021 kuma Majalisar Wakilai ta amince da wani ƙuduri na halatta zaman ma'aikatan gona, da goyon bayan ƙungiyar ma'aikatan da ta masu gonakin kansu, Majalisar Dattawa ta bar shi har wa'adinsa ya ƙare.